Abincin bazara a ƙasar Bana

Bazara ta kama. Daga watan Maris zuwa watan Mayu rana takan buɗe a ƙasar Bana. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan wuce 40. Rijiyoyi su ja baya, ciyawa ta ƙare a daji, dabbobi su rame. Da dare ma ɗaki ba ya kwantuwa, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Babu lokacin da ya kai wannan wuya ga tukunya. Dalilai uku ne. Na ɗaya, rumbu ya yi ƙasa, kaka ta yi nisa. Na biyu, zafi yana ɓata abinci da sauri, abincin da ya ɓaci kuwa yana kawo ciwo. Na uku, aikin gona yana tafe. Ga sharar gona, ga kai taki, ga shuka, ga noman fari. Duk da ƙarfin jiki ake yin su.

Saboda haka abin da gida ya ci da bazara shi ke nuna yadda zai shiga damina. Gidan da ya ci da lissafi da tsabta yakan tari ruwan fari da ƙarfinsa. Gidan da ya yi sakaci yakan tare shi da bashi da majinyaci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ƙasar Bana da arzikinta

Bana tana cikin gundumar Gaya, a jihar Doso. Kudu da ita akwai gulbin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. In an ƙetare shi an shiga ƙasar Binin. Gabas kuwa Najeriya ce, wajen Kamba, cikin jihar Kebbi. Cangawa da Dandawa da Hausawa da Fulani da Zabarmawa suna zaune a wannan yanki, suna cin kasuwa ɗaya.

Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. A shekara yakan sami wajen milimita 800. Ga kuma manyan kwaruruka biyu, Dallol Mauri da Dallol Foga. A cikinsu ruwa ba shi da nisa. A wasu fadamun gina kaɗan ake yi a tarar da shi. Don haka ake samun rake da dankali da rogo da shinkafa da garake, ga dajin giginya. Maƙwabciyar Bana, wato Bengu, ta yi suna wajen dankali.

Akwai kuma gishirin Foga. Da rani ake yin sa. Mata su kankare ƙasa mai gishiri, su zuba mata ruwa, su tace, su dafa ruwan har ya ƙafe. Tun zamanin ayari ake ɗaukar wannan gishiri zuwa ƙasashe masu nisa, makiyaya kuma suna saye don dabbobi.

Bayan farin 1984, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta kira manoma su kama noman rani, don kada a dogara da damina kaɗai. Ƙasar Bana tana cikin wuraren da wannan kira ya dace da su. Mutumin arewa mai jan ruwa daga gaba 30 zai yi murna da irin wannan ƙasa. Amma arziki a gona ba shi ne abinci a akushi ba. Sai an yi dabara.

Lissafin rumbu

Dabara ta fari ita ce lissafi. Maigida da uwargida su zauna tun farkon bazara, su duba abin da ya rage.

Ga misali. Tiya ɗaya ta hatsi takan kai kilo 2 da rabi. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40. A ce gida yana cin tiya 2 kowace rana. Buhu ɗaya zai yi masa kwana 20. Daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Agusta wajen kwana 150 ne. Gidan yana bukatar tiya 300, wato buhu 7 da rabi. Ban da iri, ban da baƙo, ban da suna ko biki.

Wanda ya yi wannan lissafi a watan Afrilu yana da sauran dabara. Zai iya surka hatsi da rogo da dankali da wake da ganye. Zai iya sayar da akuya tun tana da nama, ya sayi hatsi tun bai hau ba. Wanda bai yi ba sai a watan Yuli zai ga gindin rumbu. A lokacin hatsi ya yi tsada. Sai ya ci bashi, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani. Gonarsa ta yi ciyawa, baɗi kuma rumbu ya sake yin ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ware iri tun yanzu, a ɗaure shi dabam, kada hannu ya kai gare shi. Wake kuma a kiyaye shi daga ƙwari. Akwai buhu mai riɓi uku, wanda ake kira PICS.  In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu, ba sai an zuba magani ba. Maganin ƙwari na gona guba ne. Ba a zuba shi a abin da za a ci.

Abin da itatuwa ke bayarwa

Sa'ad da gona ta huta, itatuwa ne ke ciyarwa. Kowane abin da aka ci daga itace ragi ne ga rumbu.

Giginya ita ce uwa a wannan ƙasa. Ɗanta in ya nuna ya faɗo, ana shan sa, ana kuma dama shi a kunu. Ƙwallon kuwa ana tara shi, a binne a rami. Bayan wata 6 zuwa 8 a tono muruci. A dafa shi, a ci, ya riƙe ciki kamar rogo. Mata da yara suna samun kuɗi da shi, har motoci suna kai shi Doso da Yamai. Amma akwai abin lura. Kowane muruci giginya ce da ba ta tashi ba. Giginya kuwa tana daɗewa ƙwarai kafin ta fara haihuwa, kuma macen ce kaɗai ke ba da ƴaƴa. In aka kwashe ƙwallo duka, aka sare manya don azara, jikoki za su tarar da fili. Mai tara ƙwallo ya bar wasu a ƙasa. Mai gona ya kare ƙananan da suka tsiro daga wuta da garma.

Mangwaro ma da bazara yake nuna. Yana da sinadarin bitamin A, mai gyara ido da ƙarfafa jikin yaro. Rashin wannan sinadari shi ke kawo dundumi. Wasu suna cewa mangwaro ne ke sa yara zawo. Galibi ba mangwaron ba ne. Ƙasar da ya faɗa ce, da ƙudan da ya sauka kansa, da hannun da ba a wanke ba. A wanke shi kafin a sha. In ya yi yawa har yana ruɓewa a gindin itace, a fere wanda ya ƙosa, a yanka shi siri-siri, a shanya a kan tabarma mai tsabta bisa rumfa, a rufe da yadi marar kauri. In ya bushe a ajiye wa yara don damina.

Ɗorawa takan nuna a wannan lokaci. Garinta ana dama shi a sha, kalwarta kuma a yi daddawa. Tsamiyar da aka tara da ɗari tana nan don kunu. Kuka busasshiya tana nan don miya. Da ruwa ya fara sauka sai taɓo, ɗan kaɗanya, ya faɗo, yara su sha, mata su tara ƙwara don mai.

Tukunyar gida

Da zafi mutum ba ya son abu mai nauyi da rana. Shi ya sa fura ta zama sarauniyar bazara. Da safe kunu ko koko, ko ɗumamen tuwo. Da rana fura. Da dare tuwo da miya. Haka yawancin gidaje ke yi.

Amma fura da ruwa zalla ba ta isa mai aiki ba, balle yaro mai girma. Ciki yakan cika, jiki bai samu ba. Jiki yana son abinci iri uku. Akwai mai ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, mai. Akwai mai gina jiki: wake, gyaɗa, gujiya, kifi, nama, ƙwai, nono, daddawa. Akwai mai tsare jiki daga cuta: ganye da ƴaƴan itace. Uwargida ta yi ƙoƙari kowace rana a sami ko kaɗan daga kowane iri.

Wannan ba sai mai kuɗi ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa ya haɗa iri biyu a kwano ɗaya. Dambu da zogale da gyaɗa ya haɗa ukun. Ɗanwake da garin rogo da kuka haka. Busasshen kifi ɗaya in an daka shi a miya, kowa ya samu, har ƙaramin da ba ya iya ƙwatar tsoka. Kunun yaro kuma a sa masa cokali ɗaya na tunkuza ko garin soyayyen wake, a yi shi da kauri. Kunu tsararo ba ya ƙosar da yaro, don cikinsa ƙarami ne.

Zogale yana son fadama. Itace biyu ko uku a bakin rijiya ko a bayan ɗaki sun isa gida. In za a busar da ganyensa, a inuwa ake yi. Rana tana rage amfaninsa.

Rogo yana ceton gida, amma iri biyu ne. Mai zaƙi ana dafa shi a ci. Mai ɗaci yana da guba. Sai an ɓare shi, an jiƙa kwana 3 zuwa 5, an zubar da ruwan, an shanya, kana a yi gari. Kada a ba yaro shi ɗanye. Kada a ba dabba ruwan jiƙonsa.

Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar da ita. Tana da dafi mai cin hanta a hankali, wuta kuma ba ta kashe shi.

Gishirin Foga yana da daɗi a miya. Amma a riƙa haɗawa da gishiri mai sinadarin iyod, wanda ake sayarwa a leda. Shi ke hana maƙoƙo, yana kuma taimakon mai ciki da abin da ke cikinta.

A lura da wuta. Da bazara danni da jinka sun bushe ƙayau, guguwa kuma ba ta sallama. A yi girki a wurin da ke da kariya. In an gama a kashe garwashi. Murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi, ko na laka, ya fi duwatsu uku cin itace kaɗan, kuma ya fi riƙe wuta wuri ɗaya.

Nono da makiyaya

Fura ba ta cika sai da nono, nono kuwa da bazara yake tsada. Dalili a fili yake. Ciyawa ta ƙare, shanu da yawa sun tafi neman kiwo nesa. Waɗanda aka bari a ruga ba su da abin kirki a hantsa. Ga maraƙi yana jira, ga yaran gida, ga kasuwa.

Makiyayi ya tuna da yaransa kafin kasuwa. Ƙoƙon nono ɗaya ga yaron da aka yaye ya fi kuɗin da za a samu a kansa. Saniyar tatsa kuma a taimake ta da harawa da dusa da ganyen dankali da gishiri. Nan ne manomi da makiyayi ke bukatar juna. Manomi yana da harawa da kara, makiyayi yana da taki da nono. Garken da ya kwana a gona da bazara, hatsin wurin yakan fita dabam da damina.

A tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita. Ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka da wani zazzaɓi mai naci daga dabba zuwa mutum. Kindirmon da aka yi da tafasasshiyar madara ya fi aminci. A ƙetaren gulbi matan Fulani suna yin cukun da ake kira wagashi. Da ruwan tumfafiya suke sa madara ta kama. Shi ma in ba a sake dafa shi kullum ba, ko a soya, zafi yakan ɓata shi.

Mai sayar da nono kada ta ƙara masa ruwan tafki don ya yi auki. Mai dama garin madara na kanti ita ma ta yi da ruwa mai tsabta.

Abincin bakin hanya

Da rani mutane suna yawo. Ga masu zuwa kasuwar Gaya, ga masu zuwa Kamba, ga ƴan gishiri, ga ƴan kabu-kabu. Duk wanda ya bar gida, a bakin hanya zai ci. Tun da asuba mai koko da ƙosai ta hura wuta. Kusa da ita mai masa da mai fanke. In rana ta ɗaga, mai shinkafa da wake ta sauke tukunya, mai dambu ta buɗe kwando, yara su fito da tallan awara da dafaffen rogo da muruci. Da la'asar mai soya dankali da doya da kifi ta zauna. Da dare mai tsire ya kunna fitila, mai shayi ya jera benci. Ko'ina sai ka ji yaro yana cewa: "Inna, a ba ni na dala biyar, a sa mini yaji."

Wannan sana'a abin girmamawa ce. Mata da yawa da ita suke sayen sabulu da kayan miya da littafin ɗan makaranta. Matafiyi kuma ba shi da wata uwa a hanya sai mai tuwo. Amma akwai hakki a kan mai sayarwa, akwai kuma lura a kan mai saye.

Mai sayarwa ta zauna nesa da juji da kwata da turken dabbobi. Ta rufe abinci da faifai ko yadi. Ta sa cokali ko tsinke wajen ɗiba, kada hannun da ya karɓi kuɗi ya koma cikin kwano. Ruwan wanke kwanoni a canza shi in ya yi datti, a sa sabulu. Man suya in ya yi baƙi yana kumfa, ya gama aiki. Abin da ya kwana kada a cuɗa shi da sabo. Ciniki ba na rana ɗaya ba ne. Wadda aka sani da tsabta ba ta rasa masu saye.

Mai saye kuma ya nemi abin da aka sauke a gabansa, yana tururi. Ƙosai daga kasko ya fi wanda ya yini a tire. Tsire a mayar da shi wuta ya yi zafi har ciki. Kada a yarda a naɗe nama a takardar siminti. Busasshen kifin da ke warin magani, ko wanda ƙuda ma ke gudu, a bar shi.

Abin sha mai sanyi ya fi komai jan rai da bazara: zoɓo, ruwan tsamiya, lemun citta, ƙanƙara a leda. A sani sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. In da ruwa marar kyau aka yi ƙanƙara, cutar tana ciki tana jira. Gorar roba da aka tsinto aka sake cikawa, sai an wanke ta da sabulu.

Akwai kuma lissafin aljihu. Wanda ke kashe dala 20 kullum a bakin hanya, a wata ya kashe jika 3. A wata 5 jika 15 ke nan. Maigidan da ke cin tsire da shayi a tasha, yara a gida suna shan fura ba nono, ya sake tunani. Kuɗin tsinke biyu ya isa a sa kifi a miyar gida duka.

Zafi da ruwa

Me ya sa abinci ke saurin ɓaci da bazara? Akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Suna son ɗumi da laima. In sun sami dafaffen abinci a wuri mai zafi, sai su yi ta ninkuwa, wasu kowane minti 20. Ƙwaya ɗaya da safe, kafin la'asar ta zama dubbai. Wani lokaci abincin bai yi wari ba, amma ya riga ya zama cuta. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi.

A ƙauye ba kowa ke da firji ba. To, ga abin yi. A dafa daidai ci. A ci da zafi. Abin da ya rage a rufe shi. Kafin a sake ci a ɗumama shi sosai, miya ta tafasa, tuwo ya yi zafi har tsakiya. Shinkafa da wake da miyar kifi sun fi saurin lalacewa. Abincin ƙaramin yaro kuwa a yi masa sabo.

Ruwa shi ne babba. Da bazara rijiya takan ja, tafki ya zama laka, mutum da dabba su haɗu a wuri ɗaya. Fura mai kyau in an dama ta da mugun ruwa ta ɓaci. Inda akwai famfo a ɗebo a can. Inda babu, a tace ruwa da yadi mai tsabta, a tafasa, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs yadda ma'aikacin lafiya ya nuna. Randa a rufe ta, a ba ta moɗa guda, kada kowa ya tsoma kofinsa. Guga kada ta kwana a ƙasa. A wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida, da bayan an wanke wa yaro, da kafin girki, da kafin ci. In babu sabulu, toka ta fi babu.

Wannan ba wasa ba ne. A 2021 cutar amai da zawo, wato kwalera, ta kama mutane fiye da 5.000 a Nijar, jihar Doso kuma tana cikin inda ta taɓa. Ta ruwa da abinci da hannu take bi.

In zawo ya kama yaro

Zawo yana kashe yaro ta hanyar ƙarar da ruwan jikinsa. Da zafi abin yakan yi sauri. Alamu su ne: ido ya faɗa, baki ya bushe, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ragu, yaro ya yi laushi.

Kada a jira. A ba shi ruwan gishiri da sukari. Akwai na ƙunshi a asibiti, ana dama ƙunshi ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu shi a kusa, a haɗa a gida: lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ɗanɗana. Kada ya fi hawaye gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Wanda ya kwana ya yini a zubar, a haɗa sabo. Kada a hana shi nono, kada a hana shi abinci. A asibiti ana ƙara masa ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. In akwai jini a zawon, ko amai ya ƙi tsayawa, ko yaro ya kasa sha, a kai shi nan da nan, ko da dare ne. A 2006 gwamnati ta yanke cewa a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta.

Jariri kuwa, daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko da bazara. Akwai ruwa isasshe a cikinsa. Kakanni sukan ce a ba shi ruwa don zafi. Tausayi ne, amma ta wannan ruwa cuta ke shiga. Uwar ce za ta sha ruwa da yawa, ta ƙara ba shi mama.

Azumi cikin zafi

Watan azumi yana zagaya shekara. Daga 2020 zuwa 2024 cikin bazara ya faɗo. A farkon Afrilu 2024, ana cikin azumi, an yi zafin da ya wuce misali a ƙasashen Sahel. A garin Kayes na Mali ma'auni ya kai 48 da rabi, tsofaffi da yawa suka rasu. Darasin yana da amfani ga duk mai yini a rana, da azumi ko ba azumi. A sha ruwa a hankali, a kai a kai. Kunun tsamiya da fura sun fi lemun kwalba riƙe jiki. Aiki mai nauyi a yi shi da sanyin safiya. Tsoho da mai ciki da majinyaci a sa musu ido, a ajiye musu ruwa kusa.

Kasuwa da iyaka

Zama a bakin iyaka yana da daɗi. Daga Malanbil, wadda kasuwarta ke cikin mafi girma a Binin, ake samun garin rogo da doya da masara da manja. Daga Najeriya ake samun kayan kanti iri-iri. Tsofaffi a yammacin Nijar suna kiran yunwar 1954 da sunan garin rogo, don shi aka kawo daga kudu ya ceci mutane.

Amma iyaka ƙofa ce, ana buɗe ta, ana rufe ta. Najeriya ta rufe tata daga 1984 zuwa 1986. Ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A ƙarshen Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya suka koma ƙetare gulbi a jirgin ruwa, farashi ya hau. Kowane karo, gidan da tukunyarsa ta dogara da kasuwa kaɗai shi ya fi jin jiki. Gidan da ke da rogo a fadama, da zogale a bakin rijiya, da wake a buhu, da akuyar tatsa, ya sami sauƙi.

Saboda haka, manoma da makiyayan ƙasar Bana, a auna rumbu tun yau. A ware iri. A ci abin da fadama da itatuwa suka bayar, a shanya saura. A rufe abinci, a rufe randa, a wanke hannu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman mata, don tukunya da randa a hannunsu suke. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kai mu damina lafiya, ya ba mu ruwa mai albarka.